Mai Saurare

Masu karatu, ku matso kusa, yau ba da muryar da kuka saba ji zan yi magana ba. A waya nake rubuta muku, in kun ci karo da kuskuren rubutu ku yi mini uzuri.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce autar gidanmu. Babanmu ya rasu tun ina makaranta, ya rage daga ni sai Mama sai Yayana, a wani ɗan gida da ke ƙarshen layi. Ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo da ke saman shagon sayar da katifu. Kullum da safe bayan labarai ana ba ni 'yan mintuna in faɗi abin da na gani a gari wanda ya ba ni dariya ko haushi, galibi ma duka biyun. A wurin aiki Barkono suke ce mini. A gida kuwa Auta.

Kuma ku yi mini adalci, laifina ne in gari ya cika da abin magana? Ni na ce a kafa kwamiti ya binciki dalilin da ya hana kwamitin farko zama, sannan shi ma na biyun ya ɗage zamansa saboda ba a samo kujeru ba? Ni na ce a yi bikin buɗe famfo, da rumfa da lasifika da yanka ƙyalle, alhali ruwan daga wata tanka da aka ɓoye bayan katanga yake zuwa? Manya na tashi, tanka ta bi bayansu. Akwai ofishin da aka rubuta a ƙofarsa "Ba a shiga sai da izini". Ka tambayi inda ake karɓar izinin, a sake nuna maka ƙofar. Ni dai gani nake in faɗa, jama'a su yi dariya a cikin motar haya, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa kama sunan kowa ba.

Mama dai ba ta taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

"Mace ta zauna gari guda na jin bakinta," haka take cewa tana guga, tana danna dutsen kamar ni ce a ƙarƙashinsa. "Wane namiji ne zai kwaso rediyo ya kai gidansa?"

Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ita nata salon daban ne. Duk 'yar dangin da ta yi aure sai ta turo hoton a gurup ɗin gida, ta rubuta a ƙasa: "Saura wa?" Kowa ya san wa ɗin. Ni kuma in tura mata hoton fure.

Ana cikin haka ya shigo rayuwata.

Saƙo ya fara turowa ta layin shirin. Sauran masu saurare kan rubuto "Barkono kin kashe mu da dariya". Shi nasa cewa ya yi: "Ina sauraren ki kullum. Ba ki taɓa faɗin ƙarya ba." Abin ya burge ni, ba zan ɓoye muku ba. Na adana lambar da sunan Mai Saurare, har yau kuma haka take a wayata.

Wata ranar na dawo aiki na tarar da baƙon takalmi a ƙofar falo, baƙi wul, ko ɗigon laka babu, alhali ruwan sama ya mai da layinmu kamar fadama. Yaya ne ya kawo shi. Wai a gareji suka haɗu, hira ta yi daɗi, ashe ma mai sauraren ƙanwarsa ne. Dogo ne, ba fari ba ba baƙi ba, da fararen kaya waɗanda ko alamar lanƙwasa babu, da baƙin agogo, da wani turare mai sanyi da ke zama a labule bayan ya tafi. Magana ƙasa-ƙasa yake yi, sai ka matso kafin ka ji. Ya ce yana da kamfanin masu gadi, irin waɗanda ke tsaron gidaje da ma'aikatu.

Kafin wata ya zagayo ya gama da gidanmu. Ya san sunan maganin hawan jinin Mama, kafin ya ƙare an kawo wani. Ya gai da Gwaggo a waya har ta daina turo hotuna. Yaya, wanda tun da aka rufe masana'antarsu yake zaune yana canza tashar talabijin, ya samu aiki a kamfaninsa.

Ni ma fa na so shi. Gara in faɗa. Samarin da na sani a baya, kana magana suna jiran ka numfasa su kawo tasu. Wannan kuwa in ina magana ajiye waya yake ya zuba mini ido, kamar duk duniya ba wani sauti sai nawa. Wace mace ce ba ta son haka?

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: ba ya dariya. Na gwada shi da labaran da ke sa furodusanmu faɗowa daga kujera. Sai ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya yi tambaya.

Na ba shi labarin ramin da ke tsakiyar layinmu, na ce ramin nan ya isa shiga makaranta, har yaran layi sun dasa masa bishiyar ayaba don ya samu inuwa.

"Tun yaushe yake damun ki?" ya tambaya.

"Damuna kuma? Ai ɗan unguwa ne, mun saba."

Kafin ƙarshen mako mota ta zo da tsakuwa da kwalta, rami ya zama tarihi. Mama ta tsaya a ƙofar gida tana sa albarka har maƙwabta suka fito.

Daga nan sai mai maganin bakin titi, wanda lasifikarsa ke cewa kwalba ɗaya na maganin ciwon haƙori da basir da rashin sa'a a kasuwa. Na ce a shirin, in har maganin na aiki, me ya hana shi ya sha ya daina kwana a rana? Bayan 'yan kwanaki na wuce, ba shi ba lasifika, sai tabon mai inda motarsa ke tsayawa. Sai gidan burodin unguwarmu. Na ce burodinsu kullum ramewa yake amma ledarsa na nan yadda take, ko dai a kai shi asibiti a auna shi. Ba a jima ba na ga ƙaton kwaɗo a ƙofarsu.

Furodusanmu, wani mai tumbi, uban 'ya'ya, wanda dariyarsa ke kama da tashin tsohon janareta, ya ce, "Barkono, bakinki ya fara kama mutane fa. Don Allah kar ki taɓa ni, ban gama biyan kuɗin makaranta ba."

Muka yi dariya. Wallahi har da hawaye na yi dariya.

Sai maganar tela.

Tun ina sakandare yake mini ɗinki. Shagonsa ɗan ƙarami ne, keke biyu, agogon bango da ya tsaya tun ban san kaina ba, da rediyo rataye a ƙusa. "Ƙanwata mai baki" yake kirana. Na kai masa wani yadi ruwan ganye, mai ɗan sheƙi, ya yi mini doguwar riga. Kullum na leƙa sai ya ce gobe. Ran nan na hau shiri na ce, "Jama'a, duk mai son tsawon rai ya roƙi Allah Ya sa ajalinsa ya zama goben telana." Ba yau na fara tsokanar sa ba. Da ma in na yi, kafin in sauka ya turo saƙo: "Na ji ki, gobe ki zo."

Ranar bai turo ba.

Kashegari da yamma direban Mai Saurare ya yi sallama ya miƙo leda. Rigata ce. An yi mata dogon hannu mai tattara a wuyan hannu, an jera ƙananan maɓallai a gaba, ɗinkin ya kwanta kamar ba hannun mutum ba. Mama ta ɗaga ta sama tana juyawa. "Kin gani ko? Namiji ke nan. Ba surutu, sai aiki."

Wayata ta yi ƙara, saƙon Mai Saurare ne.

"Ki gwada. In akwai inda bai yi ba, ni za ki gaya wa, ba shi ba."

Na karanta na sake karantawa. Na ja mayafi na ce wa Mama zan je in dawo.

Ƙofar shagon a rabi take. Rediyon ba ya kan ƙusarsa. Yana ganina ya miƙe tsaye, mutumin da ko kai ba ya ɗagowa in na shigo.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe."

"Ranki ya daɗe kuma? Yau ni ce? Ina Ƙanwata mai baki?"

Sai a lokacin na lura da hannunsa na dama, an naɗe shi da bandeji, an ɗaure yatsu biyu da ɗan katako.

"Subhanallahi! Me ya same ka?"

"Keke ne."

"Keken ɗinki ke karya yatsu?"

Ya leƙa waje, ya dawo da idonsa ƙasa. "Rigar ta yi?"

"Bar maganar riga, ina tambayar ka..."

"Don girman Allah ki gaya masa ta yi." Muryarsa ta karye. "Ko ba ta yi ba, ki kawo da kanki, zan sa a gyara. Amma shi ki ce masa ta yi. Ina da yara."

Na dafa teburin yanka. Na ce, "To da wannan hannun ka ɗinka ta?"

"A'a." Ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. "Sun bari na gama tukuna."

Masu karatu, ban san yadda na fito daga shagon nan ba. Na tsinci kaina a ƙofar gidan burodin ina tambayar mai shagon kusa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wasu masu baƙaƙen kaya ne suka zo da safe, ba su daɗe ba, kashegari mai gidan ya kwashe iyalinsa. Na ce ina ya koma? Ya ce shi sabulu yake sayarwa, ba labari ba.

Da safe na shiga aiki, ga labari mai zafi a gabana: an sayo sabuwar motar kashe gobara, ranar nuna ta ga jama'a ta ƙi tashi, sai turo ta aka yi har wurin bikin, jiniya na kuka. A da, wannan kaɗai ya ishe ni mako guda. Jar fitilar fara shiri ta kama, na buɗe baki, sai na hango direban motar a raina, ko wane ne shi, da yatsunsa a kan sitiyari. Na haɗiye. Na shafe mintunana ina yi wa gari bayanin amfanin shan ruwa da safe.

Furodusa ya kasa haƙuri, ya buɗe nasa makirufo. "Jama'a, ku taya mu jaje, Barkono ta zama tumatir! Ko dai soyayya ce ta tsiyaye yajin?"

Na yi dariyar dole. Wayata ta haska a kan tebur.

"Mutumin nan yana yawan katse ki. Yana damun ki?"

Ta gilashi ina kallon furodusa yana watsa gyaɗa a baki, yana yi mini gwalo. Na rubuta da sauri har ina kuskure: "A'a! Wasa ne. Ina jin daɗin aiki da shi."

Na tura kafin in gane abin da na rubuta. Amsa ta zo.

"Kina jin daɗi."

Babu alamar tambaya.

A kicin na samu Mama tana yanka albasa. Na zayyane mata komai, tun daga mai magani har tela. Ba ta daina yankan ba.

"Telan ya ce shi ne?"

"Bai kama suna ba, amma Mama..."

"To. Bai kama suna ba." Ta goge ido da gefen gyalenta. "Auta, ki ji tsoron Allah. Shekara da shekaru ina roƙo, an kawo miki mutum har gida, mai kunya, mai ganin girmana, za ki ɗora masa sharri don tela ya ji ciwo? Ke komai sai kin mai da shi labarin rediyo?"

Yaya ya shigo a kan maganar, cikin kayan aikinsa: baƙar riga, baƙin wando, manyan takalma masu igiya. Kullum ina ganin kayan nan a kan igiyar shanya, ban taɓa kallon su da kyau ba sai ranar.

"Me take cewa?"

Mama ta gaya masa a taƙaice. Fuskarsa ta canza.

"Ke wace irin yarinya ce?" Ya daka mini tsawar da tunda Baba ya rasu bai taɓa yi ba. "Ina zaune a gidan nan ko na aski sai Mama ta ba ni, ke kina can kina ba gari dariya. Yanzu na fara ɗaga kai a cikin mutane, shi ne za ki tsinke mini igiya da bakin nan naki?"

Na ce a hankali, "Yaya, kai ma kana cikin waɗanda ake aikawa?"

Ya kau da kai. "Ni a ofis nake."

"Amma ka san ana aikawa."

Ya buga ƙofa ya fita. Mama ta bi ƙofar da kallo, wuƙar ta tsaya a hannunta na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da yanka.

Kashegari da la'asar ya zo. Na fito da wata tsohuwar riga mai ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Yana zaune a kujerar da ya saba, hannayensa a kan gwiwa.

"Ba ki sa rigar ba."

"Ta yi," na ce da sauri. "Wallahi ta yi, ba inda bai yi ba."

"Madalla."

Na zauna a can ƙarshen doguwar kujera na rungume filo. Na ce, "Me ka sa aka yi wa telana?"

Na zaci zai musa. Da ya musa ma da na samu abin riƙewa. Sai ya dube ni da idon nan nasa mai natsuwa.

"Kin ce ya ɓata miki rai. Gari guda ya ji, kowa ya yi dariya, ba wanda ya tashi daga inda yake zaune. Ni kaɗai na ɗauki maganarki da muhimmanci."

"Wasa nake yi! Aikina ke nan, wasa!"

"Ba kya wasa." Ya girgiza kai kamar mai lallashin yaro. "Na daɗe ina sauraren ki. Abubuwan nan suna ci miki rai. Kina lulluɓe su da dariya ne don kin san ba mai share miki hawaye. Yanzu kuwa akwai."

Abin da ya fi ba ni tsoro, masu karatu, har cikin ransa yake faɗa. Ba barazana yake mini ba. Kyauta yake ba ni.

Na tattaro sauran ƙarfina na ce, "Ina so a dakata da maganar da ke tsakaninmu."

Bai motsa ba. "Wa ya ba ki shawara? Na wurin aikin?"

"Ba kowa! Ba ruwansa!"

"Kin gaji ne. Ki huta."

Mama ta shigo da tiren shayi. Ya miƙe da sauri ya karɓa da hannu biyu. "Haba Mama, da kanki? Ai da kin kira ni." Ta yi murmushi, amma na ga idonta ya sauka a kan hannayensa ya ɗan daɗe.

Da sassafe na riga kowa zuwa ofis, na tare furodusa a matattakala na gaya masa komai, har da saƙon. Ƙullin gyaɗar ya faɗi daga hannunsa. Ya zauna a kan matakala. Ya kira matarsa ya ce ta kwashi yara ta tafi gidan iyayenta yanzu-yanzu, zai yi bayani. Sannan ya ɗago.

"In kin yi shiru, ni ne na gaba. In kin yi magana, ni ne na gaba. To gara a yi shiri mai daɗi. Tashi mu je."

Jar fitila ta kama.

Na ce, "Jama'a, Barkono ce. Yau na zo muku da labarin soyayya. Wata ce ta yi dace da masoyin da ba a taɓa yin irinsa ba. In ta ce rana ta dame ta, sai ya aika a tambayi rana dalili. In ta ce sauro ya cije ta, sai a nemo dangin sauron." Ta gilashi na ga mai karanta labarai tana dariya. Na ci gaba. Na kawo mai magani, na kawo gidan burodi, na kawo tela da yatsunsa. Ban kama suna ba, amma na faɗi fararen kaya, na faɗi baƙaƙen kayan yaransa. Dariyar da ke bayan gilashi ta mutu. Na ce duk abin da ya samu abokin aikina daga yau, gari ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Sannan na matso da bakina kusa da makirufo.

"Na san kana ji, don ba ka taɓa fashi ba. Ka ce duk abin da ya dame ni za ka kawar da shi. To yau kai ne ke damuna. Bismillah."

Layukan waya suka kama wuta gaba ɗaya. Ban tsaya amsawa ba. Na rataya jakata na sauko, so nake kawai in isa gida wurin Mama.

A bakin ƙofa maigadi ya ce, "Ga mota can tana jiran ki tun ɗazu."

Baƙar motar ce, a fake gaban shagon katifu, inji na aiki. Gilashin baya ya sauka a hankali. Mama ce zaune, da mayafinta mai ruwan zuma na zuwa unguwa, da jakar katin asibitinta a cinya. Shi ne a gaba, yau ba direba.

"Na kai Mama a duba jininta," ya ce, ƙasa-ƙasa kamar kullum. "Muka ce bari mu biyo mu ɗauke ki. Tare muka saurari shirin. Shigo."

Na dubi Mama. Fuskarta ta yi fari fat. Matar da ta daɗe tana tura ni wurin mutumin nan ta dube ni ta ce da wata murya wadda ba tata ba, "Auta, koma ciki, kin manta jakarki."

Jakar na rataye a kafaɗata. Duk mu ukun muna ganin ta.

Na kama hannun ƙofar na ja. A kulle. Ta gaba ce kawai ya buɗe mini.

Ban san inda dabarar ta fito ba. Na juya na dubi titi: mai shayin bakin ƙofa da rediyonsa a kan tebur, masu lodin katifu, direbobin da ke jiran fasinja. Duk yanzu suka gama ji na. Na buɗe muryar nan da Mama ta ce ba namijin da zai kwasa.

"Jama'a! Barkono ce da kanta! Ga Mamata ta zo gaishe ku, ƙafa ke damun ta, ku zo ku taya ni fito da ita! Ga kuma mai fararen kaya ya kawo ta, ku zo ku gaisa!"

Kan titi ya juyo. Mai shayi ya ajiye buta. Masu lodi suka saki katifa. Kafin ka ce me, an kewaye motar, wayoyi a sama, wani na cewa "Shi ne? Wallahi shi ne!" Furodusa ya sauko da gudu yana haki, ya tsaya a gaban motar da tumbinsa.

Mai Saurare ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai haddace fuskoki. Sannan na ji ƙaras, ya saki makullin ƙofar baya. Na fizge ƙofar na jawo Mama. Takalminta ɗaya ya zauna a ciki, ba mu waiwaya ba. Ya ja motar a hankali, har da sa sigina.

Ba mu koma gida ba. Gidan Gwaggo muka wuce, a nan nake rubuta muku wannan, a ɗakin 'ya'yanta, an saki labule. Gwaggo dai sai ruwa take ta kawo mana. Mama ta riƙe hannuna tun a motar haya ba ta saki ba. Kalma ɗaya take maimaitawa: "Yayanki. Kira mini Yayanki."

Na kira, tana shiga ba a ɗauka. Na sake. Na tura saƙo: "Yaya ka bar wurin nan yanzu, kar ka je gida, muna gidan Gwaggo." Na goge rabin ƙarshen kafin in tura. Rana ta karkata, ina ta kira.

Can wajen la'asar aka ɗauka.

"Yaya! Kana ina?"

"Yana nan." Muryar ƙasa-ƙasa ce, sai da na danna wayar a kunne. "Yana aiki. Wayarsa ce ya bari a teburina."

Mama ta zame daga bakin gado ta zauna a ƙasa.

"Ba ni shi," na ce.

"Ya ɗaga miki murya shekaranjiya a kicin. Mama ce ta gaya mini da safe, tana ba ni haƙuri a kan halinki. Ban ji daɗi ba."

"Na yafe masa! Yayana ne, na yafe!"

"Ke kin yafe." Ina jin ƙarar fanka a inda yake, da wani yana jan kujera. "Yau kin ba mutane tsoro. Ba su saba da haka daga gare ki ba, sun fi son ki sa su dariya. Gobe zan kunna rediyo. Ki gaya musu wasa kike yi."

Ya kashe.

Mama ta ɗago ta dube ni. Ba ta iya ce mini in yi shiru ba, ba ta kuma iya ce mini in yi magana ba. Ta kifa kanta a gwiwata kawai, ina jin hawayenta na ratsa rigata.

Ɗazun nan furodusa ya turo saƙo: "Barkono, gobe akwai shiri?"

Na daɗe ina kallon allon wayar har ya mutu, na sake kunna shi. Na rubuta masa: "Akwai."

Abin da zan faɗa ne har yanzu ban sani ba.